Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Sakin Aure da Lauyoyi a Ingila

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a zukatan yawancinmu da muka yi karatun zamani, watau ɗaukar dokokin Ingila tamkar wani gini da masu hikima suka zauna suka tsara tun daga harsashi har rufi, babu son zuciya, babu kuskure. 'Yan'uwanmu masu karatun lauya sun fi kowa kamuwa da wannan ciwo, domin su ne ke kwana suna haddar hukunce-hukuncen alƙalan Landan, har ka ji yaro yana ambaton sunan wani joji da ya mutu shekara ɗari da suka wuce sai ka ce kakansa ne. Ba mu ce a daina karatun ba. Muna cewa ne a karanta da lura, kuma babu inda ya fi dacewa a fara lurar kamar tarihin sakin aure a wannan ƙasa. Wanda ya bi tarihin zai tarar da abubuwa biyu suna tafe kamar tagwaye, kuɗi da ƙarya. Duk sa'ad da doka ta ƙuntata ƙofar fita daga aure, mai kuɗi yakan saya, marar kuɗi ya haƙura ko ya yi ƙarya, lauya kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana karɓar la'ada.

Mutane da yawa sun ɗauka Sarki Henry na takwas shi ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofar saki, tun da saboda matarsa Catherine ya ɓata da Paparoma. Ba haka ba ne. Abin da Sarkin ya samu a 1533 hukunci ne cewa auren bai ɗauru ba tun asali, kuma bayan ya mai da kansa shugaban majami'ar Ingila a 1534 dokar aure ta zauna yadda take. Makwabtansu mutanen Sikotilan sun yarda da saki saboda zina tun wajen 1560, suka ƙara da saki saboda ƙauracewa a 1573, amma Ingila ta ƙi motsi. Sha'anin aure ya ci gaba da zama a hannun kotunan coci, su kuwa iyakar ikonsu su ce aure bai inganta ba tun farko, ko su raba miji da mata shimfiɗa da tukunya, kowa ya kama gabansa, amma igiya tana nan, babu mai sake aure sai ɗayan ya mutu.

To, ina masu sarauta za su sa kansu, su da ke tsoron kada ɗan wani ya gaji gidansu da gonakinsu? Sai aka ƙago musu hanya. A 1670 Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman domin mutum guda, wani basarake mai suna Lord Roos, ta ba shi izinin sake aure. Daga nan hanyar ta kafu, ta zama mai hawa uku. Da fari miji zai kai kwarto ƙara a kotun sarki ya nemi diyya, kamar wanda aka yi wa ɓarna a gona, kuma matar da ake magana a kanta ba ta da ta cewa a cikin shari'ar, ko shaida ba a karɓa daga bakinta. Sa'an nan ya tafi kotun coci a raba su shimfiɗa. Sa'an nan ya kai takarda Majalisar Sarakuna, a karanta, a kira shaidu, a yi muhawara, ta wuce Majalisar Wakilai, sarki ya sa hannu. Kowane hawa da irin lauyoyinsa, kowane lauya da kuɗinsa, har abin yakan ci ɗaruruwan fam, wani lokaci ya haura dubu, a zamanin da leburan gona ba ya samun fam ɗaya a mako.

Daga 1700 zuwa 1857, fiye da shekara ɗari da hamsin, auren da aka kashe ta wannan hanya bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba a duk faɗin ƙasar. A cikinsu guda huɗu kacal ne mata suka nema suka samu. Ta farko, Jane Addison, ta samu a 1801, ita ma don mijinta da 'yar'uwarta ciki ɗaya ya yi lalatar.

Talaka fa? Wani alƙali mai suna Maule ya ba da amsa a 1845, ranar da aka kawo masa wani lebura a garin Warwick da laifin aure a kan aure, bayan matarsa ta fari ta gudu ta bar shi. Alƙalin ya dubi mutumin, ya shiga lissafa masa cikin gatse abin da ya kamata ya yi: ya kai kwarto ƙara, ya ɗauki wakili a kotun coci, ya kai maganarsa gaban Majalisar Sarakuna, ya kashe ɗaruruwan fam. Ya ce ya san zai ce bai taɓa mallakar ko kwabo masu wannan yawa ba, amma wannan ba hanzari ba ne, domin ai Ingila ba ta da doka ɗaya ta mai kuɗi da wata ta talaka. Wannan gatse ya zaga ƙasar, ya kuma yi aikin da wa'azi goma bai yi ba. Wasu talakawan kuwa sun ƙago nasu sakin: miji ya ɗaura wa matarsa igiya, ya kai ta kasuwa, ya sayar da ita a gaban jama'a, galibi ga mutumin da aka riga aka shirya da shi, sau da yawa ma da yardarta. Doka ba ta san da wannan ba, amma unguwa ta sani. Marubucin nan Thomas Hardy da irin wannan ciniki ya buɗe wani littafinsa a 1886. Mu tuna, a cikin wannan ƙarni ne jikokin waɗannan mutane suka fara shiri su zo su koya mana wayewa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi waɗanda ke ci daga wannan hali. Kusa da babbar majami'ar Saint Paul a Landan akwai wani gida da ake kira Doctors' Commons, watau zauren daktoci. Mazaunansa lauyoyi ne na daban, waɗanda suka yi digirin dakta a dokokin Rum a jami'ar Oksfod ko Kambirij, tare da wakilansu masu shirya takardu. Su kaɗai ke da izinin tsayawa a manyan kotunan coci da kotun jiragen ruwa. Aure, wasiyya, haɗarin teku, duk gonarsu ce, barista na gama-gari ba ya leƙawa. 'Yan ƙalilan ne, sun san juna, suna cin abinci tebur ɗaya, wanda ya tsaya a gabanka yau yana lauya gobe shi ne alƙali a wata shari'ar. Charles Dickens ya yi aikin ɗaukar rahoto a wurin yana saurayi, kuma ya yi musu ba'a son ransa a cikin littattafansa. Ba mu ce mugaye ba ne. Da yawansu malamai ne na ƙwarai. Amma mutum ba ya sare reshen da yake zaune a kai, kuma duk jinkiri da tsadar da ke kashe mai ƙara su ne abincin wannan gida. Da aka zo rushe ikonsu a 1857 sai da aka biya wakilan nan diyya saboda cinikin da suka rasa. Matan da suka tsufa a ɗaure da mazan da suka gudu, ba mu ji an ba su ko anini ba. An rushe ginin a 1867, mutum na ƙarshe daga cikin daktocin ya rasu a 1912.

Wadda ta fi kowa tona asirin dokar ba lauya ba ce, ba ta ma da ikon zama lauya. Sunanta Caroline Norton, marubuciya. A 1836 mijinta ya kai Firayim Ministan ƙasar, Lord Melbourne, ƙara cewa yana neman matarsa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka yi watsi da ƙarar nan take. Sai dai wankewar ba ta amfane ta da kome ba: tun da ba a same ta da laifi ba, mijin ba shi da hanyar sakinta, ita kuma ba ta da hanyar rabuwa da shi. Ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu, ɗaya ya faɗo daga kan doki ya mutu a 1842 kafin ta iso. Kuɗin da take samu da alƙalaminta ma a doka na mijin ne, domin a fahimtar masanan shari'ar Ingila miji da mata mutum ɗaya ne, mutumin kuwa shi ne mijin. Rubuce-rubucenta ne suka jawo dokar 1839 wadda ta bai wa uwa damar neman riƙon 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara bakwai. Matar aure a Ingila ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai 1882.

Dokar 1857 ita ce ake yi wa kirari a littattafanmu, wai ita ta kawo saki a kotu. Gaskiya ta kawo, bayan Gladstone ya yi ta tada jijiyar wuya yana adawa da ita, Firayim Minista Palmerston kuma ya hana 'yan majalisa hutun bazara sai sun gama. An kafa sabuwar kotun saki, ta fara aiki a 1858. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Miji zina kaɗai zai tabbatar a kan matarsa. Mace kuwa sai ta tabbatar da zina, ta haɗa da wani abu a kai, kamar azabtarwa, ko ƙauracewar shekara biyu, ko aure a kan aure. Kotun guda ɗaya ce tak, a Landan. Maƙeri daga arewacin ƙasar sai ya bar aikinsa, ya biya wa kansa da shaidunsa kuɗin jirgin ƙasa da masauki, ya biya lauyan da zai shirya takardu, shi kuma ya ɗauko barista mai tsayawa gaban joji, domin a can sana'ar kashi biyu ce, kowanne da lissafinsa. Shi ya sa har aka shiga yaƙin duniya na farko ba a taɓa kashe aure dubu ɗaya a shekara guda ba, alhali matan talakawa dubbai suna zuwa kotun majistare, bisa izinin da aka fara bayarwa a 1878, suna karɓar takardar raba zama wadda ba ta halatta musu sake aure. Wata hukumar bincike a ƙarƙashin Lord Gorell, wanda shi kansa tsohon shugaban kotun saki ne, ta ba da shawara a 1912 a daidaita maza da mata, a kuma kai shari'ar kusa da jama'a. Sai 1923 aka daidaita su a kan zina.

Yanzu ga inda ƙarya ta shigo da ƙafar dama. Tushen dokar shi ne dole a sami mai laifi ɗaya da mai gaskiya ɗaya. In duka biyu sun yi laifi, kotu tana iya ƙin raba su. In duka biyu suna son rabuwa har suka shirya a tsakaninsu, wannan haɗin baki ne, ba za a raba su ba sam. Watau auren da mutum ɗaya ya gaji da shi ana iya kashe shi, wanda mutum biyu suka gaji da shi kuwa sai a ce su koma su zauna. Shari'a saɓanin hankali! Don a tsare wannan ƙa'ida, a 1860 aka mai da hukuncin saki hawa biyu, na wucin gadi da na dindindin, aka kuma ba wani babban lauyan gwamnati, Wakilin Sarauniya, ikon bin diddigin mutane a tsakanin hukuncin biyu. Daga 1866 jiran wata shida ne. In aka tsegunta masa cewa an haɗa baki, ko mai ƙarar ita ma tana da wani, sai ya shiga ya warware kome.

Me ya biyo baya? Bayan 1923 sai wata sana'a ta tsiro. Miji da mata sun gama shawara a ɓoye. Mijin, don ya kare sunan matar, sai ya ɗauki laifin: ya yi hayar wata mace da bai taɓa gani ba, su tafi otal a garin Brighton na bakin teku, su kwana suna hira ko karta, da safe su shiga gado ɗaya don mai kawo shayi ta gan su. Sai a aika wa uwargida takardar kuɗin otal, ita kuma ta kai wa lauyanta cikin mamakin ƙarya. A kotu mai shayi ta rantse, barista ya yi tambayoyin da ya saba, joji ya sa hannu cikin 'yan mintoci. Lauya ya sani, joji ya sani, 'yan jarida sun sani. Mutanen da aka yi wa tarbiyya a kan cewa rantsuwar kotu abu ne mai tsarki, su ne ke zaune da hular gashin doki suna sauraron wasan kwaikwayo kowace safiya, ana biyansu. Ko sakin da Wallis Simpson ta samu a Ipswich a watan Oktoba na 1936, wanda ya kai Sarki Edward na takwas ga sauka daga gadon sarauta a watan Disamba, shaidar otal ce aka kafa shi a kai, kuma sai da Wakilin Sarki ya bincika.

Wanda ya fasa wannan ƙwai shi ne A. P. Herbert, mutumin da ya yi karatun lauya amma ya zaɓi rubutun barkwanci. Ya yi littafi a kan wannan wasa a 1934, a 1935 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar jami'ar Oksfod, don a lokacin jami'o'i suna da kujerunsu a majalisa. Dokar da ya jawo a 1937 ta ƙara ƙauracewar shekara uku, da azabtarwa, da haukan da ba ya warkewa.

Kada a ce mun yi wa lauyoyi kuɗin goro. Akwai waɗanda suka yi abin kirki, irin su Gorell, da Lord Denning wanda ya yi ta ƙoƙarin hana a fitar da matar da miji ya gudu ya bari daga gidan aurenta. Amma a lura da wani abu: har zuwa 1919 babu mace ko ɗaya a cikin masu tsara dokar, ko masu yanke hukunci da ita, ko masu tsayawa a gaban kotu. A 1913 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke wa Gwyneth Bebb hukunci cewa kalmar mutum da ke cikin dokar lauyoyi ba ta haɗa da mace ba. Sai da majalisa ta yi doka a 1919, sa'an nan a 1922 Ivy Williams ta zama barista mace ta farko, Carrie Morrison kuma ta zama ta farko a ɗaya ɓangaren sana'ar, ta kuma ba da ƙarfinta wajen taimakon talakawan gabashin Landan. Mace ba ta hau kujerar Babbar Kotu ba sai 1965, lokacin da aka naɗa Elizabeth Lane, aka kuma tura ta sashen wasiyya da saki da jiragen ruwa, haɗin gambizar da aka gada daga zauren daktocin nan.

Abin da ya buɗe wa talaka ƙofa da gaske yaƙi ne. A yaƙin duniya na biyu aure da yawa na sojoji ya lalace, hankalin mayaƙa ya rabu, sai ƙungiyar lauyoyi ta buɗe sashen saki domin sojoji a 1942. A 1947 an kashe aure wajen 60,000 a Ingila da Wales. Daga wannan aka sami dokar 1949 wadda ta sa gwamnati ta riƙa biya wa marasa hali kuɗin lauya. Wannan adadi ya isa ya nuna cewa ƙarancin sakin da ake yi a da tsada ce ta jawo shi fiye da zaman lafiya. A 1969 aka sauya tushe, aka ce dalilin saki ɗaya ne, aure ya mutu ba gyara, amma sai an tabbatar da shi ta ɗayan hanyoyi biyar: zina, mugun hali, ƙauracewa, rabuwar shekara biyu da yardar juna, ko shekara biyar ba yarda. Dokar ta fara aiki a 1971, saki ya tashi daga wajen 58,000 a 1970 zuwa wajen 119,000 a 1972. Duk da haka wanda ba ya son jiran shekara biyu sai ya zauna da lauya su tsara wa abokin zamansa laifuffuka. An sayar da kare an sayi biri.

Sai da wata dattijuwa, Tini Owens, ta kai har Kotun Ƙoli a 2018, aka ce mata laifuffukan da ta lissafa wa mijinta ba su kai ba, ta koma ta jira shekara biyar ta cika, alƙalan da kansu suna nuna rashin jin daɗin hukuncin, sa'an nan majalisa ta farka. Dokar 2020, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2022, ta kawar da neman laifi gaba ɗaya: mutum ɗaya ko su biyun tare su sanar cewa aure ya mutu, a jira mako 20, a ƙara mako 6. An kashe ƙarya. Kuɗi kuwa ya dawo ta taga, domin tun watan Afrilu na 2013 aka janye tallafin lauya daga yawancin shari'un iyali, sai inda aka kawo shaidar cin zarafi. Saki ya yi sauƙi, amma rabon dukiya da riƙon 'ya'ya, inda ainihin rigima take, mai hali ya zo da barista, marar hali ya tsaya da bakinsa.

Ina ruwanmu da duk wannan? Ruwanmu har wuya. Lauyoyin ƙasar nan tun daga Sapara Williams, wanda ya zama barista a Landan a 1879, har zuwa kafa makarantar lauyoyi ta Legas a farkon shekarun 1960, a can aka horar da su. Ma'anar aure da Lord Penzance ya bayar a 1866, ta namiji ɗaya da mace ɗaya har mutuwa, ita ce ƙashin bayan auren rajista a nan. Har bayan samun mulkin kai, in za a kashe irin wannan aure a Kaduna ko Jos, dokar da ke aiki a Ingila a lokacin ita ake bi, sai da gwamnatin Janar Gowon ta yi doka mai lamba 18 a 1970, wadda aka kwaso yawancinta daga Ostireliya, aka ɗora mata kalmar mutuwar aure ta Ingila.

Musulminmu wannan doka ba ta shafe su ba. A shari'ar Malikiyya mace tana da dukiyarta, tana da hanyar hul'i, tana iya kai kukanta gaban alƙali da bakinta, kuma a zamanin En'e ko lauya ba ya tsayawa a wannan kotu. Wannan abin a faɗa ne ga duk mai cewa daga Landan haske ya taso. Amma kada mu yi saurin bugun ƙirji, domin namu ciwon daban ne: ƙofar namiji ko sakata ba ta da ita, kuma duk wanda ya zaga unguwa ya ƙirga zawarawa masu goyo, waɗanda ba a aiko musu ko mudun hatsi, ya san hukunci a takarda ba ya cika tukunya.

Ga 'yan'uwanmu Kirista da duk wanda ya yi auren rajista kuwa, dokar 1970 tana nan tana aiki. Ba a shigar da ƙarar saki kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu. Haɗin baki don karkatar da shari'a har yanzu yana hana saki. Babbar Kotu ce kaɗai ke da iko. Malamar firamare a wani ƙauyen kudancin Kaduna wadda mijinta ya gudu, sai ta nemi kuɗin mota zuwa inda Babbar Kotu ke zama, ta nemi lauya, ta tabbatar da ɗaya daga cikin dalilai takwas da dokar ta lissafa, ta jure ɗage-ɗagen zama, in ta yi nasara a ba ta hukuncin wucin gadi, ta koma gida ta jira wata uku.